Mijin Tasalla

A kan tankin babur nake ɗora shi,
ƙafafunsa na lilo, ba su kai ko'ina ba.
Mudi, shekara biyar da 'yan watanni,
haƙorin gaba ɗaya na girgiɗi.
Kafin mu fita lungunan Rafindadi
ya sauke mini kwandon tambaya.

"Baba, mi ya sa Umma ba ta faɗin sunan Yaya?
Mantawa ta yi?"
Na ce ɗan fari ne, kunya take ji.
"Kunyar mi? Ba ita ta haife shi ba?"
Na danna hon, alhali ba kowa a gabana.

"Goggo Uwale ƙanwarka ce?
Da kuna yara ka taɓa cinye mata ƙosai?"
Na ce ba sau ɗaya ba.
Ya yi dariya har ƙeyarsa ta bugi haɓata.

"Ni da Nomau mun ɓata.
Wai garensa ya fi nawa gudu.
Na ce masa ba ni ba shi har abada.
Baba, har abada kwana nawa ne?"
Na ce a wurinku, zuwa la'asar.

Sai ya yi tsit.
Shirun Mudi ya fi surutunsa nauyi.
Ashe katangar Ɗanmarna ya hango.

"Nan kuka kawo Kaka."
Wannan ba tambaya ba ce.
Na rage wuta.

"Ai ni ne mijinta, ita ta faɗa.
In na shiga ɗaki sai ta ce,
ga angon nan, ko kuɗin cefane babu.
Ta buɗe kwalla ta ba ni dabino
mai warin man zafi.
To mi ya sa da za ku tafi da ita
ba wanda ya tambaye ni?"

Na gangara gindin bedi na kashe inji.
Ko arba'in ba a yi ba.
Ni na kama makara ta gaba,
ni na shiga rami na karɓe ta,
ba nauyi, kamar damin kara.
Idona bai kawo ruwa ba.
A zaure ana ta cewa, Ilu akwai dauriya.

"Ta bar takalminta a bakin ƙofa.
Da mi za ta taka in ƙasa ta yi zafi?
Wa ke kama mata tasha a rediyo?
Kwalbar turarenta da ta fashe,
na ce kyanwa ce.
Nomau ne.
Yanzu ta sani?"

Na ce inda ta je ba a neman takalmi.
Na ce Wanda ya karɓe ta ya fi mu sonta.
Na miƙa masa duk abin da aka miƙo mini
kwana uku a kan tabarma, baki bayan baki.
Ya karɓa yana jujjuyawa
kamar wanda aka ba canji bai cika ba.

"Kai ma za ka tafi?"
Wata rana.
"Ni fa?"
Na haɗiye yawu. Kai ma, bayan ka tsufa, in Allah ya so.
"Har Nomau?"
Har Nomau.

Ya daki tanki da dunduniya, ya sake duka.
"To mu koma gida.
Zan ba shi garena ya gara sau biyu.
A'a. Sau ɗaya."

Na sa ƙafa zan tayar,
ya miƙe wuya wajen katanga,
ya kira sunan da ni ban taɓa iya faɗa ba:
"Tasalla!
Mijinki ne!
Gobe zan kawo kuɗin cefane!"

Wani mai lemo a baro ya waiwayo.
Bedi ya zubo 'yan ganye a kan madubi.

Mudi ya shafa ƙeya, ya duba tafin hannunsa.
"Baba, ruwa za a yi?"
Na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare babu.
Na ce e, hadari ne.
Riƙe da kyau.